Na Rubuta Wa Marayun Yendi Cewa Ubanninsu Na Raye

Assalamu alaikum Anti mai shafi, da ku masu karatu. Ina fata kuna lafiya. Don girman Allah a ɓoye sunana, sunayen da zan kira a ciki ma ba na ainihi ba ne. Roƙo ɗaya nake yi: ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, domin zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni. Shawara na zo nema, kuma da gaggawa nake sonta, ranar Asabar ɗin nan za a yi zaman.

Ni budurwa ce, a Zangon Salaga aka haife ni, na yi karatun kwamfuta a Tamale na dawo gida. Aikina gina shafukan intanet. Akwai wata ƙungiya ta mutanen Zango da ke taimaka wa yara marasa ƙarfi da kuɗin makaranta, da yunifom, da littattafai, a Salaga da Yendi da Bawku. Dokarsu ita ce marayu ne a gaba, sai an gama da su a duba sauran. Da can a takarda ake rubuta yara, a ba direban mota ya kawo Salaga, rabi ta jiƙe, rabi ta ɓace a hanya. Sai 'yan'uwanmu da ke ƙasashen waje, waɗanda su ne ke turo taimakon, suka ce su dai a koma intanet. Shugaban ƙungiyar, wanda zan kira Baba Alhaji, ya tara mutane a kan wa za a ba aikin. Mai rubuta yaran Bawku, Mahamadu, ya ce yana da wani gwani a Bolga. Mai rubuta na Yendi kuwa, Malama Rahinatu, ƙawar marigayiya mahaifiyata, ita ta miƙe ta ce, "Ga 'yarmu a gida ta yi karatun, don me za a kai wa bare?" Wani dattijo ya yi dariya ya ce, "Mace da inji? To, Allah ya sa mu ga alheri." Malama ta ce in na ɓata, a kama ta. Da wannan maganar aka ba ni aikin, kuma ban taɓa manta ta ba.

Na zage na yi aikin. Fom ne mai sauƙi da za a cike a waya: sunan yaro, shekarunsa, makarantarsa, sunan wanda yake hannunsa, sai tambaya ɗaya mai zaɓi biyu, "Mahaifin yaro: yana raye, ko ya rasu?" Mai rubutawa ya taɓa ɗaya, ya danna aika, shi ke nan. Na gwada a wayata, na gwada a ta ƙanwata, komai lafiya lau.

Ana fara aiki sai ga waya daga Yendi. "'Yata, abin naki ya yi ja." Malama ta gama cike komai, tana danna aika sai shafin ya watse, wani jan rubutu ya fito, duk abin da ta rubuta ya tafi. Ta sake, ya sake. Wani yaron ya shige lafiya, wani ya ƙi. Iyaye na zaune a tabarma suna jira, ita tana fama da waya. Kullum sai ta kira ni, ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, amma ni kam raina ya gama ɓaci. Wa ban zarga ba? Na zargi tsohuwar wayarta mai tsagaggen gilashi. Na zargi netwok ɗin Yendi. Na zargi idonta, na ce a raina tsufa ne, ba ta gani take dannawa. Har Mahamadu na zarga, na ce ko shi da gwanin nasa na Bolga ne suke shiga suna yi mini ɓarna don a ƙwace aikin, domin duk lokacin da aka yi maganar a zauren wasaf na ƙungiya shi ne farkon mai cewa, "Injiniya, yaya dai?" Wannan "Injiniya" tasa, wallahi har yau ban san ko girmamawa ce ko ba'a ba. Baba Alhaji kuma ya tare ni a bakin kasuwa wajen masu doya, gaban mutane, ya ce, "Ɗiyata, in abin ya fi ƙarfinki ki faɗa, ba abin kunya ba ne." Ba abin kunya ba ne? Ai da ya mare ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar na koma shagona da azahar na buɗe bayanan kurakurai, wato inda injin ke rubuta duk abin da ya sa ya tsaya. Nan na ga matsalar, ƙarama ce ƙwarai. In mai rubutawa bai taɓa "yana raye" ba, bai taɓa "ya rasu" ba, wayar ba ta turo komai a kan wannan tambayar. Injin ya nemi amsa ya rasa, sai ya tsaya cak. Kusan duk kurakuran daga Yendi suke, 'yan kaɗan daga Bawku. Ni na san gyaran da ya kamata, an koya mana: ko dai fom ɗin ya gaya wa mutum cewa ya tsallake tambaya, ko a ƙara zaɓi na uku, "ba a amsa ba". Amma na ce a raina, Malama ta gaji, in na sake sa mata wani jan rubutu gobe ma za ta kira, Mahamadu zai sake cewa Injiniya yaya dai. Kuma wa zai manta ya ce uban yaro ya rasu, alhali shi ne abin da ke sa yaro gaba? Wanda ya tsallake, ai mai uba ne, sauri kawai ake yi. Sai na rubuta layi ɗaya: in amsa ba ta zo ba, a sa "yana raye". Ban kira Malama na tambaye ta me ya sa take tsallakewa ba. Waya na hannuna, da kati a ciki. Girman kai ne kawai, ba na son ta ji ni ina tambaya kamar wadda ba ta san aikinta ba.

Jan rubutu ya ɓace kamar an share da tsintsiya. Malama ta kira tana sa mini albarka. Baba Alhaji ya aiko mini da doya har gida. Ni kuma na dinga tafiya a gari ina ji da kaina.

Da aka rufe rajista, injin ya jera yara, marayu a sama, aka buga aka manna a ƙofar makarantu. Salaga lafiya, Bawku lafiya. Yendi kuwa, tirƙashi! Marayu 'yan ƙalilan ne suka fito, kuma cikinsu akwai yara biyu daga dangin mijin Malama. Sauran duk an rubuta ubanninsu na raye, sun faɗa can ƙasa inda taimakon ba ya kaiwa. Kafin la'asar magana ta cika gari: Malama ta cire 'ya'yan mutane ta sa nata.

Akwai wani tela, Afa Yakubu, da ke riƙon 'yar ƙaninsa tun tana goye, sunanta Sanatu, bana za ta shiga sakandare. Ya je makarantar Malama a fusace, ya tsaya a tsakar fili yana cewa, "Ƙanena na kwance a maƙabarta, da hannuna na sa shi, ke kin rubuta yana raye? Sanatu ba marainiya ba ce don ba 'yar gidanku ba ce?" Ashe yarinyar na cikin aji, kusa da taga. Ita duk rayuwarta shi ta sani Baba. An ce ba ta yi kuka a wurin ba, ta ɗauki jakarta ta fita, kwana da kwanaki ba ta ci abincin kirki ba.

Ko a lokacin, ku ji ƙarfin halina, ban zargi kaina ba. Malama na zarga! Na ce a raina, kai, mutum dai ba a shaidarsa, ashe har da ita? Na kira ta da muryar mai bincike na ce, "Mma, ki gaya mini tsakaninki da Allah, yaya kike cike wannan gurbin?"

Ta ce, "Wane gurbi, 'yata?"

Na ce, "Na mahaifi."

Ta ce, "In yaron ya san ubansa ya rasu, ina taɓawa. Kamar yaran gidan mijina, da wayonsu aka yi jana'iza. Amma in baffa ne ya kawo yaro yana cewa ɗana, yaron na tsaye a kaina yana leƙen waya, kuma sun iya karatu, haba 'yata, ta yaya zan taɓa 'ya rasu' yana gani? Sai in tsallake. A takarda ma haka nake yi tun da can, in bar wurin fari, Baba Alhaji ya san abin da farin ke nufi. Da na ga ya daina yin ja, na ce Alhamdulillahi, 'yata ta gane, ta gyara mini ya karɓi farin."

Anti, a nan na gane. Wato gurbin da na ɗauka mantuwa ce, shi ne amsar. Duk yaron da aka fi rufa wa asiri, aka fi tausayinsa, shi na tura ƙasa. Kuma abin da ke ƙona mini rai, ni ba baƙuwa ba ce a wannan al'ada. A gidanmu na tashi da yayana, ɗan wan Babanmu, sai da na kusa gama firamare na san ba Babanmu ya haife shi ba, kuma duk wanda ya kuskura ya ce masa maraya sai ya sha duka. Na san wannan tun kafin in san kwamfuta. Me ya rufe mini ido?

Kun san abin da na ce mata? Cewa na yi, "To Mma, bari in duba." Shi ke nan. Bari in duba! Ta ce, "Yawwa, ki duba mini, ni dai na san ban taɓa 'yana raye' a kan Sanatu ba, ko a mafarki."

Tun daga ranar ban sake samun sukuni ba. An dakatar da Malama daga rubuta yara. Iyaye sun fara cire 'ya'yansu daga makarantarta, matar da ta yi shekara da shekaru tana koyar da allo da littafi, wadda rabin matan unguwarsu a hannunta suka sauke Alƙur'ani. An ce ranar Juma'a da ta je gidan suna, matan da ke kan tabarmar suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina Salaga, kowa na gani sai in ga kamar ya sani. Mai koko ta ce mini "Injiniya, yau kin makara," sai na tsaya ina tunani, yaushe ita ma ta fara ce mini Injiniya, wa ya gaya mata? Ƙanwata ta ɗauki kwamfutata za ta kalli fim, na daka mata tsawar da har maƙwabta suka leƙo. Baba Alhaji ya gaishe ni da fara'a, na ce ko tarko ne. Ya wuce bai gan ni ba, na ce shi ke nan, an gaya masa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Mahamadu. Ya kira ni kwanan baya, wai yana Pusiga ya tuna da ni. Muka gaisa, ya tambayi gida, ya tambayi ruwan sama, yana ta jan magana. Can sai ya ce, "Injiniya, injin nan naki akwai albarka. Har matattu yake tayarwa." Ya yi dariya. Na ce, "Ban gane ba." Ya ce, "A'a, babu komai. Ni dai in na rubuta yaro, bayan sun tafi nakan koma in sake dubawa. Hali ne kawai." Ya yi sallama ya kashe.

Ku gaya mini, wannan mece ce in ba sanarwa ba? Ashe shi ma yana tsallake gurbin, ya koma ya ga an cike masa da "yana raye", ya gyara nasa shiru, shi ya sa Bawku ta fita lafiya. To in ya sani tun lokacin, me ya hana shi faɗa? Me ya sa ya bar Yendi ta ƙone? Jira yake a taru ya tona ni gaban kowa, a miƙa wa gwaninsa na Bolga? Ko haushin Malama yake ji tun ranar da ta kayar da maganarsa, yana son mu faɗi tare? Ko kuwa ni ce mai mugun zato, bawan Allah ƙofa ya buɗe mini in fito da kaina kafin a fito da ni? Wallahi na juya maganar nan har kaina ya yi ciwo. Wani lokaci in ji kamar in hau mota har Bawku in shaƙe shi in ce faɗi abin da ke bakinka. Wani lokaci in ce ni ce dai na yi, ko ya sani ko bai sani ba, layin da hannuna na rubuta shi.

Na cire layin, na sa zaɓi na uku, ba wanda na gaya wa. Amma wannan bai gyara abin da ya riga ya shiga ba. Kuma ga inda na ƙara cutar da ita: lokacin da na yi gyaran farko ban sa wata alama da za ta bambanta amsar da mutum ya taɓa da wadda inji ya cike ba. Duk wanda ya buɗe yanzu, abin da zai gani shi ne sunan Malama, da rana, da "yana raye", kamar da yatsanta ta danna. Shaida ɗaya ce tak ke wanke ta, tsoffin bayanan kurakuran nan da ke nuna tana tsallake gurbin tun farko, da ranar da na sa layin. Ni kaɗai ke da su. Kuma zan faɗi wannan ko da za ku tsine mini: na taɓa zaɓar su duka, yatsana na kan gogewa. Kiran sallar la'asar ne ya sa na rufe kwamfutar na tashi. Ban goge ba, amma na yi niyya, kuma Allah ya gani.

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto. Ranar Asabar kwamiti zai zauna a zauren Baba Alhaji. Malama za ta zo daga Yendi, Mahamadu daga Bawku, Afa Yakubu ma an ce zai zo. Baba Alhaji ya kira ni ya ce, "Ɗiyata, ki bugo mana duk abin da aka shigar da sunanta. Mutum na iya ƙarya, inji ba ya yi." Malama kuma ta aika musu cewa a kawo Alƙur'ani, za ta yi alwala ta dafa ta rantse ba ta taɓa rubuta cewa uban Sanatu na raye ba. Gaskiya za ta rantse a kai. Ni kuma in miƙa takardar da ke cewa ta rubuta. Kun san me za a ce? Ba za a tsaya a kan ta fifita dangin miji ba, za a ce malama guda ta dafa Alƙur'ani a kan ƙarya. Wannan ba ya wankuwa a garuruwanmu, har jikokinta sai an goranta musu.

In na yi magana, na san abin da ke jirana. Dattijon nan da ya ce "Mace da inji?" zai ce ai ya faɗa. Babu wanda zai sake ba ni aiki daga nan har Kpandai, kuma duk yarinyar Zango da ta ce za ta karanci kwamfuta da sunana za a rufe mata baki. Afa Yakubu zai juyo kaina, kuma yana da gaskiya, me zan ce masa a kan Sanatu? Zan iya mayar da sunanta sama, amma abin da ta ji ta taga fa? Sannan za a tambaye ni, tun yaushe kika sani? Kuskuren zan iya ɗauka. Shirun da na yi makonni ina kallo ana tashi daga tabarmarta, shi ne ban san da wane baki zan faɗa ba.

Na yi tunanin in ce netwok ne ya jawo, ba wanda zai gane sai Mahamadu. Na yi tunanin in je wurin Baba Alhaji ni kaɗai kafin zaman, amma mutum ne da magana ba ta kwana a cikinsa, kuma ban sani ba ko zai rufe don kada 'yan'uwanmu na ƙasashen waje su ji su janye taimako, ya bar Malama da tabonta. Na yi tunanin in fara gaya wa ita kanta. Sau nawa na ɗauki waya na ajiye?

Jiya direban motar Yendi ya kawo mini ƙullin man kaɗe da daddawa, ya ce daga Malama. Ban gama kwancewa ba ta kira. Muryarta ta dushe, amma dariya take yi. Ta ce, "'Yata, na rasa wanda zan yarda da shi a cikinsu, har Mahamadun nan ban san cikinsa ba. Ke kaɗai ce hankalina ya kwanta da ke. Zan iso ranar Juma'a da yamma, ba zan sauka gidan Alhaji ba, a ɗakinki zan kwana kamar yadda nake kwana da mahaifiyarki. Da safe ki riƙe mini takardun mu tafi tare."

Na ce, "To Mma, Allah ya kawo ki lafiya."

Na share ɗakin, na wanke mata zanen gado. Takardar da Baba Alhaji ya ce in bugo tana cikin jakata, bayanan da ke wanke ta suna cikin kwamfutata, kuma jibi matar nan za ta shimfiɗa sallayarta kusa da tawa. Don Allah jama'a, me zan yi?